Sharhi kan akwatin kayan nazarin dodon koɗi da danginsa

Na shafe kusan wata bakwai ina aiki da wani ƙaramin akwati na kayan bincike da ake sayar wa masu son fara nazarin dodon koɗi da kumba da sauran danginsu, kuma sai da na yi amfani da kowane abu da ke cikinsa, a bakin rafi da cikin lambu da kan teburin karatu, kafin na yarda in rubuta wannan sharhi. A kan murfin an rubuta cewa kayan malakoloji ne domin mai koyo. A ciki akwai gilashin ƙara girma na hannu mai ninki 10, da ma'auni mai muƙamuƙi na ƙarfe, da hantsaki biyu, da ƙaramar rariya, da ƙananan kwalabe 12, da faranti na katako mai ɗakuna-ɗakuna da aka shimfiɗa wa auduga, sai kuma ɗan littafin jagora mai hotuna. Hukuncina shi ne gilashin ya cancanci yabo ba tare da wani sharaɗi ba, amma yawancin sauran kayan an tsara su ne domin mai tara ɓawon da dabbar ta mutu ta bari, alhali kalmar da ke kan murfin tana nufin nazarin dabbar ita kanta. Wannan bambanci ba na ƙwaƙƙwafin kalmomi ba ne kawai, kuma ba za a fahimci inda akwatin ya gaza ba sai an san daga ina kalmar ta fito.

Malakoloji kalma ce da aka gina daga harshen Girkanci, inda malakos ke nufin abu mai laushi, logos kuwa ke nufin magana ko ilimi. Tun a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, masanin Girka Aristotal ya kira oktofus mai hannuwa takwas da 'yan uwansa da suna malakiya, wato masu laushi, ya kuma ware masu ɓawo mai tauri ya ba su wani suna daban. Haka aka ci gaba da raba su bisa ga abin da ido ke fara gani na tsawon ƙarnoni. Ko Carl Linnaeus na ƙasar Suwidin, wanda ya kafa tsarin sunaye biyu da masana ke bi har yau, a bugu na 10 na babban littafinsa a shekarar 1758 ya zuba dukkan waɗannan halittu cikin rukunin tsutsotsi, sannan ya kasa su gida-gida: masu ɓawo a ɓangare guda, masu laushi marasa ɓawo a wani ɓangaren da ya kira Mollusca, daga kalmar Latin mollis wadda ita ma laushi take nufi. Sakamakon haka sai dodon koɗi mai katantanwa ya rabu da ɗan uwansa na jini wanda ba shi da ita, aka haɗa na biyun da halittun teku irin su tauraron teku waɗanda ba su haɗa komai da shi ba in ban da taushin jiki.

Wanda ya warware wannan ruɗani shi ne Georges Cuvier na Faransa. Yana saurayi ya yi aikin koyarwa a wani gida a yankin Normandi kusa da teku, inda ya riƙa feɗe halittun ruwa yana zana kayan cikinsu, kuma a shekarar 1795 ya gabatar da sabon tsari da ya dogara ga yadda zuciya da jijiyoyi da gaɓoɓin numfashi suke, ba ga siffar ɓawo ba. Shekara 30 bayan haka, a 1825, Henri de Blainville, wanda ya yi aiki a ƙarƙashin Cuvier kuma ya gaje kujerarsa ta koyarwa a 1832, ya wallafa littafin jagora wanda sunansa ya ɗauki kalmomi biyu a jere, malakoloji da konkoloji, kuma daga nan ne kalmar farko ta zauna da gindinta. Taƙaitawa ce ta wata doguwar kalma mai nufin ilimin dabbobi masu laushi. Konkoloji kuwa, daga kalmar Girkanci mai nufin ɓawo, ita ce tsohuwar sana'ar tara katantanwa da siffanta ta. Tarihin ƙungiyoyin masana ma ya nuna wannan sauyi, domin ƙungiyar konkoloji ta Birtaniya da Ailan an kafa ta ne a 1876, ta malakoloji ta Landan kuwa sai a 1893. Abin lura a nan shi ne ko Cuvier bai tsira daga yaudarar ɓawo gaba ɗaya ba, tunda ya bar waɗannan ƙananan halittu masu manne wa duwatsun bakin teku da gindin jiragen ruwa a cikin rukunin masu laushi, har sai da John Vaughan Thompson ya ga 'ya'yansu suna iyo a 1830 ya gane cewa dangin ƙaguwa da jatan lande ne.

To, wannan rukuni da ake magana a kai ba ƙarami ba ne. Shi ne na biyu a yawan nau'o'i a duniyar dabbobi bayan rukunin ƙwari da gizo-gizo da ƙaguwa, kuma an riga an sa wa fiye da nau'i 70,000 masu rai suna, mafi yawansu dodon koɗi ne na tudu da na ruwan daɗi da na teku. Mai koyo ba zai taɓa ganin yawancinsu ba, amma waɗanda zai tsinta a kusa da shi sun ishe shi aikin shekaru, muddin yana da abin da zai duba su da shi.

Gilashin da ke cikin akwatin shi ne irin da ake haɗa ruwan tabarau uku a manne su wuri guda, tsarin da ake dangantawa da Charles Hastings na Jami'ar Yale a Amurka. Amfanin haɗa ukun shi ne kawar da matsaloli biyu da ke damun gilashi mai ruwa ɗaya, wato bakan gizon da ke bayyana a gefen abin da ake dubawa, da kuma dishi-dishin da ke rufe gefunan hoto yayin da tsakiyarsa take a fili. Na gwada shi a kan takarda mai ƙananan layuka na murabba'i, na ga layukan a miƙe suke har kusan ƙarshen gilashin, kuma farin takardar bai koma rawaya ko shuɗi ba. Gidansa na ƙarfe ne, yana naɗewa ya rufe kansa, kuma bayan wata bakwai na shiga jaka da fita ƙusar da yake juyawa a kai ba ta yi sako-sako ba. Zaɓen ninki 10 ma zaɓe ne na wanda ya san aikin. Gilashi mai wannan ƙarfi yana nuna abu sosai a tazarar kusan santimita 2.5, wadda ta isa haske ya shiga tsakaninsa da dabbar. Mai ninki 20 yana buƙatar rabin wannan tazara, filin da yake nunawa ya fi ƙunci, kuma da zarar dodon koɗin ya ɗan motsa sai hoton ya ɓace. Sai dai littafin jagorar bai faɗi yadda ake riƙe shi ba, kuma yawancin masu farawa suna kuskure a nan: ana kai gilashin ne dab da ido har hannu ya taɓa kunci, sannan a kawo abin dubawa kusa a hankali har ya fito sarai.

Da wannan gilashi ne na ga abubuwan da suka sa na daina kallon dodon koɗi a matsayin ɓawo mai tafiya. A kan ɓawon kansa mutum zai ga layukan girma, da ƙananan zane-zane masu bin murɗiyar, da ramin da ke ƙasan wasu nau'o'i wanda masana ke kira cibiya, da naɗin farko a can tsini, wanda dabbar ta fara ginawa tun tana cikin ƙwai. Amma abin da ya fi kama hankali yana bayyana ne idan an bar dabbar ta fito don kanta. Dodon koɗin tudu na lambu yana da ƙahoni huɗu masu laushi, idanunsa kuma ɗigo ne baƙi a kan tsinin dogayen biyun, yana iya janye su ciki kamar yadda ake juya yatsan safa. 'Yan uwansa masu huhu da ke zaune a ruwan daɗi ƙahoni biyu gare su, idanunsu kuma a gindin ƙahonin suke. A gefen bakin ɓawon ana ganin ƙofar numfashi tana buɗewa tana rufewa, a jikin naman nan da ake kira mayafi, wanda shi ne ke fitar da sinadarin kalsiyam kabonet da ake gina ɓawon da shi. A jikin ƙanana masu siririn ɓawo, idan an sa haske ta baya, har bugun zuciya ana iya ƙirgawa. Idan kuma aka ɗora dabbar a kan gilashin taga aka leƙa ta ƙasa, za a ga igiyoyin motsi suna bin tafin ƙafarta daga baya zuwa gaba, a kuma ga bakinta yana fito da radula, wato harshe mai jerin ƙananan haƙora da take kankare abinci da shi kamar magagari. Kusan dukkan rukunin suna da wannan harshe in ban da kumba da sauran masu ɓawo biyu, waɗanda tace ruwa suke yi su ci. Abin da ya ba ni mamaki shi ne babu ko guntun gilashi shimfiɗaɗɗe ko faranti mai ratsa haske a cikin akwatin, alhali da shi kaɗai ake ganin rabin waɗannan abubuwa. Babu kuma kwano mai faɗin baki da za a zuba ruwa a ajiye dabbar da rai na 'yan sa'o'i.

Wani zai ce wannan son kallo ne kawai, amma akwai wurin da bambanci tsakanin duba ɓawo da duba dabba ke shafar lafiyar mutane kai tsaye. Cutar tsargiya, wadda likitan Jamus Theodor Bilharz ya gano tsutsarta a Alƙahira a 1851, kuma Robert Leiper ya tabbatar da yadda take bi ta jikin dodon koɗi a Masar a 1915, ba ta iya yaɗuwa sai ta samu nau'in da ya dace da ita. Mai sa fitsarin jini tana bi ta jinsin Bulinus, mai kama hanji kuwa ta jinsin Biomphalaria, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan 250 ne suka buƙaci maganin rigakafinta a 2021. Littafin jagorar ya koyar da ƙa'ida mai kyau: a riƙe ɓawon tsininsa na kallon sama, bakinsa na kallon mai dubawa, idan bakin yana hannun dama to mai murɗiyar dama ne, kamar yadda mafi yawan nau'o'i suke, idan yana hagu to bahago ne. Ya kuma faɗi daidai cewa Bulinus bahago ne, Biomphalaria kuwa shimfiɗaɗɗe ne kamar faifai. A nan ya tsaya. Bai ambaci cewa akwai Physella acuta ba, wani ɗan asalin Arewacin Amurka da ya bazu a ruwayen nahiyoyi da dama, wanda shi ma bahago ne, girmansu ɗaya, kuma ba ya ɗaukar tsargiyar mutane. Mai koyo da ya dogara da ɓawo kaɗai zai iya rikita su, amma da gilashin nan da dabba mai rai a cikin ɗan ruwa bambancin a fili yake. Bulinus na cikin dangin da jininsu ke ɗauke da jan sinadari irin na jinin mutum, kuma yana da wani ɗan tsiro mai ninki a gefen hagu da yake numfashi da shi a ruwa. Physella ba shi da ko ɗaya daga cikin biyun, ƙafarsa tana ƙarewa da tsini, gefen mayafinsa kuma yana da ƙananan yatsu da ke lulluɓo ɓawon. Akwai ma matakin da gilashin hannu ba ya kaiwa, domin wasu nau'o'in Bulinus kamanninsu ɗaya har sai an feɗe su ko an binciki ƙwayoyin gadonsu, kuma ya kamata littafi na gaskiya ya gaya wa mai karatu iyakar abin da kayan hannunsa za su iya.

Babban abin da ya fi damuna a littafin shi ne rashin gargaɗi. Ya ba da shawarar a tsoma rariya cikin ciyayin bakin ruwa a girgiza, bai ce ko kalma ɗaya game da safar hannu da takalmin roba ba, alhali ƙananan tsutsotsin tsargiya suna fita daga jikin dodon koɗi su shiga ruwa, su huda fatar mutum ko da babu rauni a jikinta. Bai ce a wanke hannu bayan taɓa na tudu ba, duk da cewa wasunsu na ɗauke da tsutsar huhun ɓera da ke iya kama ƙwaƙwalwar mutum. A shafin da ya nuna kyawawan ɓawon teku masu siffar mazurari, na jinsin Conus, bai faɗi cewa mai ransu yana harbi da dafi ba, kuma an san wasu nau'o'insa sun kashe mutane. Kayan da ake sayar wa ɗalibai da iyayen yara bai kamata su fito ba tare da waɗannan jimloli uku ba.

Ma'aunin yana karanta kashi ɗaya cikin goma na milimita, bisa tsarin da Pierre Vernier ya ƙirƙiro a 1631, kuma da na gwada shi da wani da na amince da shi ban ga saɓani ba. Matsalarsa ita ce muƙamuƙinsa na ƙarfe mai kaifi, wanda ya ɓantare mini leɓen ɓawo biyu masu siriri a makon farko, kuma leɓen na daga cikin wuraren da ake dubawa wajen tantance nau'i. Na roba ya fi dacewa da wannan aiki. Daga cikin hantsakin biyu, mai laushin nan da ke lanƙwashewa kafin ya matse abu yana da kyau ƙwarai, ɗayan mai taurin kuwa na ajiye shi gefe. Rariyar tana aiki a ruwa, amma idanunta sun yi faɗi ga mai neman ƙananan nau'o'in da ke ɓoye cikin busasshen ganye, waɗanda da yawansu ba su kai milimita 5 ba.

Farantin katakon ne abin da ya fi kyau a ido, kuma shi ne abin da nake ba da shawarar kada a ajiye ɓawo a cikinsa. Masu kula da gidajen tarihi sun daɗe da sanin wata lalacewa da ake kira cutar Byne, da sunan Loftus Byne wanda ya siffanta ta a 1899 yana zaton ƙwayar cuta ce ke kawo ta. Daga baya aka gane cewa katako, da wasu nau'o'in takarda da auduga, suna fitar da tururin asid a hankali, kuma idan akwai laima a iska sai tururin ya ci kalsiyam kabonet ɗin ɓawon, ya bar wani farin gari kamar gishiri a kansa. Abin da ya ci ba ya dawowa. Ba a ganin wannan cikin wata bakwai, aikin shekaru ne, shi ya sa yake da haɗari ga wanda ya amince da farantin ya rufe ya manta. Kwalaben ma marfinsu na ɓawon itace ne, wanda ke da wannan matsala, kuma ba ya hana sinadarin itanol, wato barasar da ake adana jikin dabba a cikinta, tsiyayewa. Wanda ke son adana jikin dabbar yana buƙatar kwalba mai marfin murɗawa, da itanol mai ƙarfin kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari idan siffar gaɓoɓi ake so, ko kashi 95 zuwa sama idan za a binciki ƙwayoyin gado. Littafin bai taɓo wannan batu ba sam, wanda ke ƙara nuna cewa masu haɗa akwatin ɓawo kawai suke tunani.

Akwai abu ɗaya da littafin ya yi wanda ya cancanci a yaba masa, wato shafin da ya keɓe kan rubuta bayanai. Ya nace cewa kowane samfuri ya kasance da 'yar takarda mai ɗauke da wurin da aka same shi, da kwanan wata, da irin muhallin, da sunan wanda ya tsinta, kuma a rubuta da fensir domin tawadar biro tana gogewa. Wannan gaskiya ce da duk masanin fannin zai sa hannu a kai, domin suna ana iya gyara shi bayan shekara hamsin, amma wurin da ba a rubuta ba ya tafi ke nan. Da ma ya ƙara da nuna wa mai koyo rumbun MolluscaBase da ke intanet, inda ake duba ko sunan da ke cikin littafi har yanzu shi ne karɓaɓɓe, tunda sunayen kimiyya na sauyawa yayin da bincike ke ci gaba, kuma na tarar da wasu a littafin da an riga an sauya su.

Wanda burinsa shi ne tara katantanwa daga bakin teku ya jera su zai gamsu da akwatin, idan ya musanya farantin da ƙananan akwatunan roba masu ratsa haske. Malamin makaranta ko ɗalibin lafiyar al'umma da ke son sanin dabbar da ke cikin ɓawon zai fi cin riba idan ya nemi gilashi mai ruwa uku irin wannan shi kaɗai, ya haɗa da hantsaki mai laushi, da ma'aunin roba, da safar hannu doguwa, da guntun gilashin taga da aka goge wa kaifi, da farin kwano marar zurfi. A cikin kwanon, idan an zuba ruwan da aka ɗebo dabbar a ciki aka ajiye shi a inuwa, yawanci ba a wuce 'yan mintuna ba kafin ƙahonin su fara leƙowa daga bakin ɓawon.